Filin Tambaya da Amsa: Manchester Ɗin Kakana da Manchester Ɗin Ƙwallo

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da gidan kallon ƙwallo a Funtuwa, kuma gardama ba ta ƙarewa a wurina. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya yi aiki a injin gurzar auduga na BCGA, ƙungiyar audugar Turawan Ingila, ya kan ce duk dilar da suka ɗaure Manchester za ta. Da na faɗi haka yara suka yi mini dariya, wai garin ƙwallo ina ruwansa da auduga. Don Allah a raba mana gardama: gari ɗaya ne? A ina yake, kuma me ya ɗaukaka shi?
Daga wani mai gidan kallo, Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kaka, gaskiya na wajensa. Gari ɗaya ne, kuma auduga ta riga ƙwallo isa can da shekara sama da ɗari. Ka ce wa yaran nan da ba don auduga ba, da ba su ma san sunan garin ba.

Manchester tana arewa maso yammacin Ingila, wajen kilomita 260 daga Landan, kuma kamar kilomita 55 gabas da Liverpool da ke bakin teku. A kwari take zaune. Tsaunukan Pennine sun tokare ta gabas da arewa, kudu kuma shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma ce ta Cheshire. Ƙananan koguna uku, Irwell da Irk da Medlock, suna gangarowa daga tsaunukan su haɗu a cikin gari. In ka haye Irwell ka shiga Salford, wadda birni ce mai zaman kanta, ko da yake baƙo ba ya gane ya bar wani gari ya shiga wani. Rumawa ne suka fara kafa sansanin soja a wurin wajen shekara ta 79 miladiyya, amma bayan tafiyarsu garin ya yi ƙarnuka yana ɗan garin kasuwa na masu saƙar ulu da lilin. A 1717 mutanensa ba su wuce dubu goma ba.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, ko tushe ɗaya na auduga ba ya fita a Ingila. Sanyi ba ya bari. Garin da ya tufatar da rabin duniya bai taɓa noma abin da yake kaɗawa ba. Abin da ƙasar ta ba shi daban ne. Iskar da ke tasowa daga tekun Atlantika tana zuwa da laima, ta bugi tsaunuka ta sauke. Mutanen Ingila na yi wa Manchester ba'a da yawan ruwan sama, amma abin da ke zuba a shekara bai kai milimita 900 ba, ruwan Zariya na damina ɗaya ya fi shi. Bambancin shi ne nasu yayyafi ne da ba shi da wata, rani da damina. Duk tsohuwar da ta yi kaɗi da mazari za ta gaya maka yadda zare ke tsinkewa lokacin hunturu in iska ta bushe. To can iska ba ta bushewa. Ga ruwan kogunan marar kanwa, ya dace da wanki da rini. Ga kwal a ƙarƙashin ƙasa a Lancashire, lardin da garin yake ciki a wancan lokaci. A 1761 wani basarake, Duke na Bridgewater, ya sa injiniya James Brindley ya haƙa masa hanyar ruwa daga ramukan kwal ɗinsa na Worsley zuwa cikin gari, farashin kwal ya faɗi da kusan rabi.

Injuna ma a wannan yanki aka ƙirƙiro su. John Kay, mutumin Bury, ya fito da ƙoshiya mai gudu da kanta a 1733, masaƙi ɗaya ya koma shan zaren da mata da yawa ba sa iya kaɗa masa. Yunwar zare ta sa aka shiga neman injin kaɗi: na Richard Arkwright a 1769, na Samuel Crompton mutumin Bolton a 1779. Da aka haɗa su da injin tururi mai cin kwal, sai kaɗi ya bar ɗakin mata ya koma benaye masu hawa bakwai da takwas. Na tsaya a gaban irin waɗannan gine-gine a unguwar Ancoats, na kamfanin Murray da aka soma a 1798. Jan bulo ne da hayaƙi ya dafe, tagogi jere reras iri ɗaya, ƙofar shiga ɗaya tak don a san wanda ya makara, hanyar ruwa kuma na bin gindin bango inda kwalekwale ke sauke kwal da diloli. Yanzu gidajen haya ne na masu hannu da shuni.

Mutane suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka da ƙasar Ireland. A 1801 an ƙirga sama da dubu 70, a 1851 sun haura dubu 300. A 1853 masana'antun auduga 108 ke aiki a garin. Bayan nan kaɗi ya fi ƙarfi a Oldham da Bolton, saƙa a Blackburn da Burnley da Preston, Manchester kuma ta zama uwar kasuwa: sito-sito, bankuna, dillalai, marina da wuraren buga zane. Kayan wasu garuruwa ne, amma sunanta ke kan dila. Don saukaka jigila tsakaninta da Liverpool aka buɗe layin dogo ranar 15 ga Satumba 1830, na farko a duniya da ya haɗa manyan birane biyu da jirgin fasinja mai tururi. A ranar bikin ma jirgi ya take wani ɗan majalisa, William Huskisson, ya mutu. Da kuɗin da tashar Liverpool ke caja ya ishe su, sai suka haƙa wa kansu mashigi mai tsawon kilomita 58, aka buɗe a 1894, manyan jiragen ruwa suka riƙa shigowa har bakin gari. Jirgin ruwan da ka ga a tambarin United da na City kuwa, alhali garin ba ya bakin teku, daga tambarin birnin aka ɗauko shi, kuma yana can tun kafin a haƙa mashigin, alamar cinikin garin da duniya.

Kada wannan lissafi ya burge ka har ka manta da waɗanda suka yi aikin. Ana shiga tun asuba a fita da dare, awa goma sha biyu zuwa sha huɗu. Yara ƙanana ke rarrafe ƙarƙashin inji yana gudu suna share ɓurɓushin auduga, wasu na ƙulla zaren da ya tsinke, ba takalmi don daɓen duk mai ne. Ƙarar masaƙa ta kurmantar da mutane har suka koyi gane magana daga motsin leɓe. Ƙurar auduga ta cinye huhu. Iyali guda na kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai danshi, gida da yawa na tarayya a masai ɗaya, kwalara ta shigo a 1832. Rahoton Edwin Chadwick na 1842 ya nuna cewa a iyalan leburorin Manchester matsakaicin shekarun mutuwa 17 ne, saboda yawan jariran da ke mutuwa, alhali a karkarar Rutland 38 ne. Tun 1819 doka ta hana sa yaron da bai kai shekara tara ba aiki a masana'antar auduga, amma sai a 1833 aka naɗa masu sa ido don a bi ta. Kuma garin mai wannan yawa ba shi da wakili ko ɗaya a majalisa. Ranar 16 ga Agusta 1819 mutum wajen dubu 60 suka taru a filin St Peter suna neman wakilci, aka sakar musu mahaya dawaki da takubba, mutum aƙalla 15 suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Wakilcin bai samu ba sai 1832. A wannan gari ne Friedrich Engels, ɗan mai kamfanin zare daga Jamus, ya zo aiki a 1842, ya ga abin da ya gani, shi da abokinsa Karl Marx suka gina aƙidarsu ta gurguzu a kai.

Akwai waɗanda suka fi waɗannan shan wuya, ba su ma taɓa ganin garin ba. Kafin 1861 sama da kashi uku cikin huɗu na audugar da Lancashire ke kaɗawa daga kudancin Amurka take zuwa, kuma bayi baƙaƙen fata ke noma ta, a lokacin da bayin ƙasar suka kai kusan miliyan huɗu. Ni a wurina duk tarihin Manchester da aka ba ka ba wannan a ciki, an rage maka mudu. Jaridar Guardian, wadda aka kafa a garin a 1821, ta fito a 2023 ta nemi gafara kan alaƙar wanda ya kafa ta da audugar bayi. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, Arewa ta toshe tashoshin Kudu, auduga ta yanke, injuna suka tsaya, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka koma cin tallafi. Wasu attajirai, musamman a Liverpool, sun goyi bayan masu bayi. Amma a daren ƙarshe na 1862 ma'aikata suka yi taro a Manchester, da yunwarsu, suka rubuta wa Shugaba Abraham Lincoln cewa suna tare da shi kan 'yanta bayi. Ya amsa musu a Janairun 1863, kuma mutum-mutuminsa na tsaye a tsakiyar garin har yau.

Nan ne labarin ya iso wajen Kakanka. Masu masana'antu ba su manta da wannan yunwa ba, suna son audugar da ke ƙarƙashin tutarsu. A 1902 suka kafa ƙungiyar BCGA a Manchester, shekara guda kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato. Ido ya faɗa kan ƙasar Hausa, don sun san auduga ba baƙuwa ba ce a nan. Tun 1851 matafiyin nan Heinrich Barth ya ga yadda saƙin Kano da rininta ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus, ya kuma ga yadin Manchester a kasuwar Kano, wanda raƙuma suka ƙetaro da shi Sahara. Winston Churchill, wanda ya wakilci Oldham sannan wani yanki na Manchester a majalisa, yana ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka lokacin da aka amince da layin dogon Baro zuwa Kano. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912.

Sai dai Bature na nasa lissafi, manomi na nasa. Masaƙan gida sun fi BCGA sayen auduga da daraja, gyaɗa kuma ta fi kawo kuɗi, ga shi in ba ta sayu ba a ci ta. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shiga sayen gyaɗa, jirgin da aka kawo don auduga ya koma jidar buhunan gyaɗa. BCGA ta karkata kudu da yamma, ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau, ta raba irin audugar Amurka, ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da sauran wurare. Layin da ya bi ta garinku ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Dilar da Kaka ya ɗaure ta bi dogo zuwa Legas, jirgin ruwa ya kai ta Lancashire, wani ɓangarenta ya dawo mana a matsayin akoko da alawayyo da atamfa, muka saya da kuɗin audugar da muka sayar.

TAMBAYA: Malam, ni atamfa nake sayarwa a Kantin Kwari. Tun muna yara muke jin atamfa 'yar Ingila. Har yanzu ana saƙa a can, ko suna kawai ya rage?
Daga wata Hajiya, Kano.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba da kasuwa. Kusan suna ne ya rage. Atamfar ABC da kika sani a garin Hyde ake buga ta, gab da Manchester ta gabas, daga baya aka kwashe aikin zuwa Akosombo a Ghana.

Ganiyar Lancashire ita ce 1912, shekarar da aka saƙa yadi wajen biliyan takwas. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsayar da jiragen ruwa, ƙasashen da ke saye suka koyi yi wa kansu. Indiya, babbar kasuwarsu, ta ƙaurace wa yadin Ingila a gwagwarmayar Gandhi, wanda ya je garin Darwen da kansa a 1931 ya ga masaƙan da aiki ya ƙare musu. A 1933 Japan ta wuce Birtaniya a fitar da yadin auduga. Masu masana'antu kuma, a ganina, sun yi sake: injinan kakanninsu suka riƙe, suna zaton kasuwar mulkin mallaka gado ce. Bayan yaƙi na biyu aka ɗebo ma'aikata daga Pakistan da Indiya da Bangaladash don aikin dare, duk da haka masana'antu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wani kamfanin Lancashire, David Whitehead, shi ne ya haɗa hannu da gwamnatin Sardauna aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Wanda ya ratsa Kakuri a 'yan shekarun nan ba ya bukatar a kwatanta masa yadda unguwar masaƙa ke zama in inji ya yi shiru.

Wurin da zan so ki gani, ke 'yar kasuwa, shi ne Royal Exchange, zauren da dillalan auduga dubbai ke cika ranakun Talata da Juma'a. An daina ciniki a ciki a 1968. Yanzu gidan wasan kwaikwayo ne, amma can sama jikin bango allon farashi na nan da alƙaluman ranar ƙarshe, ba wanda ya sauke su. Tashar jiragen ruwa ta rufe a 1982. Mutanen birnin da suka kai dubu 766 a 1931 suka ragu zuwa wajen dubu 400 a 2001.

Amma garin bai kwanta ba. Bayan bom ɗin da ƙungiyar IRA ta 'yan tawayen Ireland ta tayar ranar 15 ga Yuni 1996, wanda ya jikkata mutum sama da 200 ba tare da kashe kowa ba, aka sake gina tsakiyar gari. Gasar Commonwealth ta zo a 2002, BBC ta kai wasu sassanta tsohuwar tashar ruwa ta Salford a 2011. Ƙidayar 2021 ta samu mutum dubu 552 a birnin, da kusan miliyan 2.9 a Babbar Manchester mai ƙananan hukumomi goma. Jami'o'i da asibitoci da ofisoshi da ƙwallo ke ciyar da gari yanzu. Sai dai dogayen benayen gilashi a tsakiya suke. Ki hau bas zuwa arewacin gari ko Oldham ki ga unguwannin da ke cikin mafi talauci a Ingila. Kamfani ɗaya da ke cikin gidanki har yau, PZ mai sabulu, hedikwatarsa na Manchester.

TAMBAYA: Tsakanin United da City, wace ce 'yar gari ta asali? Mun sa kuɗin shayi a kai.
Daga wasu ɗalibai, Maraɗi.

AMSA: Samari, ku raba kuɗin shayin, ko ku aiko mini. United ce babba a shekaru: ma'aikatan gyaran taragon jirgin ƙasa a unguwar Newton Heath suka kafa ta a 1878, ta ɗauki sunanta na yanzu a 1902. City ta samo asali daga cocin St Mark a West Gorton a 1880, ta zama Manchester City a 1894. Amma tun 1910 United ke wasa a Old Trafford, wanda ke ƙaramar hukumar Trafford, wajen iyakar birnin. Filin City kuwa, wanda aka gina don gasar 2002 a kan tsohon wurin haƙar kwal, yana cikin gari. Da bom ɗin Jamus ya lalata Old Trafford a 1941, a filin City na Maine Road United ta yi zaman aro har 1949.

Su biyun 'ya'yan masana'anta ne. Dokar 1850 ta ce a tashi aiki ƙarfe biyu ranar Asabar, daga baya aka ƙara matso da lokacin. Ma'aikaci ya fito, ya wanke jiki, ga 'yan sulalla a aljihu, ga yamma guda ba aiki. Daga nan al'adar take wasa ƙarfe uku na Asabar ta samo tushe. A wani otal na Manchester aka kammala kafa gasar lig ta Ingila a 1888, kuma rabin ƙungiyoyi goma sha biyu na farko daga Lancashire suke, irin su Blackburn da Bolton da Burnley da Preston.

TAMBAYA: Baba, na samu gurbin karatu a Manchester. Yaya yanayin garin, kuma Musulmi na samun sauƙi?
Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: 'Yata, Allah ya sa albarka. Sanyin bai kai na Kanada ba, dusar ƙanƙara ba ta daɗewa, amma danshi da duhu sai kin yi haƙuri. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, Azahar da La'asar da Magariba su zo kusa da juna, sai ki tsara darussanki da wannan. A Yuni kuma sai bayan tara da rabi na dare ake Magariba. Ki sayi riga mai hana ruwa da takalmi rufaffe, laima ba ta jure iskar garin.

Fiye da mutum ɗaya cikin biyar a birnin Musulmi ne. Masallatai da mahautan halal suna da yawa a Rusholme da Longsight da Cheetham Hill, kuma titin Wilmslow, ci gaban titin Oxford inda jami'o'i suke, cike yake da gidajen abincin Pakistan da Larabawa. Kayan miyan gida kuwa, ki nemi shagunan 'yan Najeriya a Moston da Gorton. Ki fara neman ɗaki da wuri, haya ta yi tsada.

In kin natsu, ki je unguwar All Saints kusa da titin Oxford, ki nemi tsohon zauren Chorlton-on-Medlock. A cikinsa aka yi babban taron 'yan kishin Afirka karo na biyar a Oktoban 1945, inda Kwame Nkrumah da Jomo Kenyatta da Hastings Banda da W. E. B. Du Bois suka zauna aka nemi a kawo ƙarshen mulkin mallaka. Fuskar ginin na nan, da allon tunawa a jikin bango, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa daga jami'o'in biyu.